Shekarar da Na Raka Babanku Makaranta

Da sunan Allah nake faɗa, ana rubutawa. Wannan babin naku ne, ku 'ya'yan Haruna. Na san maganar da ke yawo a dangi, wadda ake yi ƙasa-ƙasa in an ga ba na kusa: wai babanku ya taɓa samun taɓin hankali yana yaro, ni kuma wai na taɓa fita yawo har igiyar aurena ta tsinke. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga ni, har da shi babanku, Allah ya jiƙansu. Ni kaɗai na rage, to gara ku ji daga bakina.

A lokacin muna zaune a Sabo, unguwar Hausawa ta Ibadan, a gidan Alhaji Babba, wan kakanku. Gidan saukar fatake ne. Zaure da ɗakunan baƙi suna gaba, kullum cike da huhunan goro da hayaniyar ciniki, mu mata muna can ciki. Kakanku, da ake ce wa Malam, fataucin shanu yake yi. Yakan tafi arewa ya yi watanni, wasu shanun a koro su da ƙafa, wasu a loda su a jirgin ƙasa a sauke a Sango. Ni ina kulle, ina tuwon sayarwa, baƙin gidan da na maƙwabta suna aikowa da kwanuka. Tun da aka kawo ni Ibadan ban taɓa ganin titin Sabo da rana ba. In za a je suna ko gaisuwar mutuwa sai bayan magariba, a lulluɓe. Yarbanci ban iya ba, ban da gaisuwa da sunan kayan miya. Yaranmu kuwa suna yin sa kamar a nono suka sha.

Haruna ne ɗana na fari, kuma ku yaran yanzu ba za ku gane abin da hakan ke nufi a zamaninmu ba. Ba na faɗin sunansa. Ba na kiransa in zauna da shi, ba na taɓa shi a gaban mutane. In zan ba shi abinci sai in ajiye kwanon in kau da kai, in ce a gaya wa yaron nan tuwonsa zai huce. Kunya ce, haka aka yi mana, haka muka yi. Kakanku ya sa shi makarantar boko bayan ya yi nisa a allo, don ya gaji da tsugunawa gaban akawun tasha ana karanta masa takardar shanunsa. 'Ya'yan Sabo kaɗan ne ke zuwa boko a lokacin, kuma Alhaji Babba bai so ba tun farko. Yaron ya ɗauki karatun da kyau. Mai surutu ne, mai kwaikwayon muryar mutane, yakan sa matan gida dariya har wani lokacin miya ta kama a tukunya.

Abin ya fara ne da damina, yana wajen shekara goma sha huɗu, kakanku bai daɗe da tafiya arewa ba. Ba a yi mutuwa ba, ba a yi masa wani abu da na sani ba. Kwanonsa kawai na fara gani yana dawowa da rabin tuwo, daga baya da tuwon gaba ɗaya. Ya daina fita ƙwallo. In ya dawo daga makaranta sai ya kwanta ya juya fuskarsa ga bango har la'asar ta wuce, idonsa a buɗe. Safiya ita ce mafi muni. Da an fara shirin makaranta sai ya shiga bayan gida ya yi ta kakarin amai, ya fito gumi ya jiƙe masa riga, hannunsa na rawa har ba ya iya ɓalla maɓalli. Wata rana na same shi a durƙushe bayan randa, ya dafe ƙirji yana jan numfashi kamar wanda aka shaƙe. Na manta da kunya na tsuguna.

"Kai, mene ne? Ina ke maka ciwo?"

"Ba komai, Inna."

"Wani ya dake ka ne?"

"A'a. Zuciyata ce take gudu. Ji nake kamar wani abu zai faru."

"Wane abu?"

"Ban sani ba."

Mun yi abin da muka sani. An yi rubutu ya sha, an yi tofi, an turara shi da hayaƙi, na jiƙa masa saiwoyin da tsofaffin gida suka ba ni. Alhaji Babba ya ce lalaci ne, ya zane shi a zaure a gaban baƙi. Yaron bai yi kuka ba, bai kare jikinsa ba, ya tsaya kamar itace ake duka. Wannan tsayuwar ta fi ba ni tsoro a kan dukan. Ita ce ma ta sa Alhaji ya sauya magana. Ya aiko aka kira ni, na durƙusa a bayan ƙofar zaure, yana magana daga ciki.

"Dije, yaron nan an taɓa shi. Bokon nan ne ya buɗe masa ƙofa, iska ta shiga. Akwai malamina a arewa da ke karɓar irinsu. Mari zai sa masa, ya tsare shi har ya dawo hayyacinsa. Motar goro za ta tashi bayan Juma'a, zan haɗa shi da direba."

Na san mari. Ina yarinya a garinmu akwai wani mutum da aka ɗaure a gindin itace a bayan gidan wani malami. Ƙarfen ya cinye masa idon sawu, ƙudaje na bi, yara na jifansa. Na yi aure na bar garin yana nan a ɗaure. Da Alhaji ya ce mari, ƙafar wannan mutumin na gani a jikin ɗana. Na ce, "To, Alhaji," don ba a yi wa wan miji musu, na koma ciki.

A makon ne kuma wani yaron maƙwabta da suke makaranta ɗaya ya kawo saƙon baki, wai hedimasta ya ce in Haruna bai dawo ba za a cire shi. Nan na gane akwai ranakun da yake fita da kayan makaranta amma ba ya isa can. Na yi ta tunanin inda yake zuwa. Na kuma yi tunanin cewa a duk duniya mutanen makarantar nan ne kaɗai suke ganinsa a sa'o'in da ba na ganinsa, wataƙila sun san abin da ban sani ba. Babu namijin da zan aika. Ranar Litinin da hantsi na sauke tukunya, na ɗauki mayafi, na ce wa yaron ya tashi mu je makarantar. Ya dube ni kamar bai gane ni ba. Na kama hannunsa, rabona da riƙe hannun nan tun yaye, muka bi ta zaure a gaban Alhaji da baƙinsa. Ciniki ya tsaya cik. Ban ɗaga kai ba.

Rana ta dake ni a ido. Ban san Sabo tana da faɗi haka ba, ga mutane, ga kekuna, ga masu gyaran takalmi sun bar aiki suna kallona. Ina jin wani yana cewa, "Ba matar Malam ba ce wannan?" Muka hau tudun Mokola, hannun yaron yana ƙara sanyi a cikin nawa. Da muka hango ƙofar makaranta ya toge, ya ce ba zai iya ba, ya ce in yi masa rai. Na ce masa ni ma tsoro nake ji, amma in muka koma gida mota ce ke jiransa. Haka muka shiga, ina jansa yana jana.

Malamar ajinsu Bayarabiya ce, Kirista, gajeriya mai tabarau, hannunta duk alli. Ta fito ta dube mu, ta kai mu baranda a bayan aji ta ba mu benci. Ta yi magana da Yarbanci, na amsa da Hausa. Muka kalli juna, sannan mu biyun muka juya ga Haruna. Babu wani tafinta sai shi. Kansa a sunkuye ya ce:

"Ta ce sannu da zuwa."

"Ka ce mata a kan maganarka na zo. Ka ce mata ba lalaci ba ne."

Ya faɗa mata. Ta yi tambaya.

"Ta ce in tambaye ki ko ina cin abinci."

"Ka ce mata ba ka ci."

"Ta ce ko ina barci."

"Ka ce mata ba ka yi. Ka ce mata da safe kana amai, hannunka na rawa. Ka ce mata da kai mai dariya ne."

Ina jinsa yana juya maganata zuwa Yarbanci. Abin da ya ƙi faɗa mini da bakinsa, ga shi dole yana faɗa wa wata a madadina. Malamar ta ce ita ma ta lura, ta ce a aji in ta kira sunansa ya tashi ya yi karatu sai ya daskare, yara su yi dariya, ita kuma ta ɗauka taurin kai ne. Duk shi ya fassara mini wannan. Sai ta cire tabarau, ta matso, ta yi masa wata tambaya a hankali. Wannan bai fassara ba. Sai ya fara ba ta amsa kai tsaye. Ya yi magana mai tsawo, hawaye na zuba a kan gwiwarsa, ni ina zaune a gefensa ban gane ko kalma ɗaya ba. Fuskarta kawai nake karantawa. Na ga ta ɗora hannu a baki. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Me ka ce mata?"

Ya girgiza kai.

"Kai, me ka ce mata?"

Ta yi masa magana, da alama cewa take ya gaya mini, ya sake girgiza kai. Sai ta miƙe ta nuna wajen Sango da hannu. Hausarta ta kasuwa ce, kalmomi ƙalilan. Ta ce, "Jirgi. Jirgi, Iya Haruna. Ba kyau." Ta kama hannuna ta ɗora a wuyan hannunsa, ta danne yatsuna da nata da ƙarfi har na ji zafi, tana kallon cikin idona. Na gane. Wallahi da za a tsaga ni a lokacin ba za a sami jini ba.

A hanyar komawa ya gaya mini da Hausa, yana kallon ƙasa. Ranakun da ba ya isa makaranta bakin layin dogo yake zuwa ya zauna.

"Ba mutuwa nake so ba, Inna. So nake abin nan ya yi shiru. Na gaji."

Na ce masa kawai daga yau duk inda zai je ina tare da shi, kuma in abin ya zo masa ya faɗa mini, ko ina salla ne ya zauna kusa da ni har in idar.

Kafin mu bar makarantar ranar, Malamar ta shiga da mu wajen hedimasta. Shi bai so ba. Ya ce in aka yi wa yaro ɗaya sassauci sauran za su nema, ya ce makaranta ba asibiti ba ce. Ta tsaya a gaban teburinsa ta yi ta magana har ya ɗaga hannu ya ce a gwada zuwa ƙarshen zango. Ga abin da aka shirya. Ba zai zo layin safe ba, inda ake kaɗa ƙararrawa ana zane masu latti, don nan ne zuciyarsa ta fi bugawa. Zai zo bayan an shiga aji. Zai zauna kusa da ƙofa, in ƙirjinsa ya ɗaure ya fita ba sai ya nemi izini ba, ya zauna a baranda inda za ta riƙa hango shi ta taga. Ba za ta sa shi ya tashi karatu a gaban yara ba, za ta saurare shi shi kaɗai lokacin hutun tara. Sharaɗin da ta kafa mini ɗaya ne: ni zan kawo shi in damƙa mata hannu da hannu, ni zan zo in karɓe shi. Kada ya yi hanyar nan shi kaɗai.

Wato fita kullum ke nan, safe da rana, ni matar kulle, mijina ba ya gari.

Alhaji Babba bai jira na cire mayafi ba. Ya shigo har tsakar gida, abin da bai saba yi ba, matan gida suka watse. Ya ce na zubar da mutuncin ƙaninsa a titi, na kai sirrin gida wajen arna. Ya ce ranar da motar za ta tashi yaron zai shiga ko ina so ko ba na so. Da ranar ta zo na sa Haruna a ɗakina, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa na zauna. Alhaji ya zo da direba da wani ƙato daga cikin masu ɗaurin goro. Na ce:

"Alhaji, kai uba ne a gare ni, ban taɓa ɗaga maka murya ba. Amma yaron nan ba zai shiga mota ba sai ubansa ya dawo ya faɗa da bakinsa. In za a ɗauke shi, sai dai a tsallake ni."

Babu namijin da zai tsallake matar aure a ƙofar ɗakinta. Suka tsaya, suka juya. Alhaji ya ce shi da cin abincin da ya fito daga hannuna har abada, kuma ya cika. Har ya bar duniya bai sake ɗanɗana girkina ba, ko da salla, kuma shekarar da ta biyo baya muka tashi daga gidansa. Baƙinsa suka daina aiko da kwanuka. Matan da muke raba gishiri da su suka riƙa yin shiru in na shigo. A Sabo ta wancan lokacin mata iri biyu ne ke yawo da rana, tsofaffi da masu zaman kansu, ni kuwa ban tsufa ba. Na ji sunan da ake kirana da shi. Na haɗiye.

Abin da ban iya haɗiyewa ba shi ne kukan jirgi. Daga gidanmu ana jinsa sarai. Ko tuƙa tuwo nake, da ya yi kuka sai in saki muciya in leƙa ɗaki in ga ko yana nan. In yana makaranta sai in tsaya a tsakar gida ina salati har ƙarar ta ɓace. Na ɓoye wuƙaƙen gida, na kwance igiyar guga ina ajiye ta a ƙarƙashin gadona. In ya shiga wanka ya daɗe sai in je in yi gyaran murya a bakin zana har ya amsa. Wasu ranakun mukan isa ƙofar makaranta ya kasa shiga, mu zauna a gindin mangwaron bakin hanya, Malamar ta fito ta ce, "Pele, pele," wato sannu, ta ba shi aikin da zai yi a gida, mu juya. Wasu ranakun yakan shiga ya yi rabin yini. Ni da ita muka ƙirƙiro yarenmu. In na kawo shi sai in nuna baki in girgiza kai, ta san bai ci ba, ta saya masa ƙosai lokacin tara. In na zo ɗaukarsa ta ɗora hannu a ƙirji ta sauke shi a hankali, na san yau an samu sauƙi.

Wata rana ina shirin fita ɗaukarsa sai ga ta da kanta a tsakar gidanmu, ba ɗankwali, tana haki. Ta ratsa zauren Alhaji ba sallama. Ta nuna mini da hannu: ya fita baranda, ta juya ga allo, ta waiwayo babu shi. Ban san lokacin da na fita ba. Na yi gudu a titin Sabo ba takalmi, ita tana biye da ni, muka nufi Sango. A hanya na ji jirgi ya yi kuka. A nan ne, a gaban mahauta da 'yan kamasho da duk wanda ke wurin, na buɗe baki na kira sunan da ban taɓa faɗa ba tun ranar da aka raɗa masa shi.

"Haruna! Haruna!"

Na bi bakin layin ina kira, ina duba ciyawa, ina roƙon Allah kada in ga farar riga. Wani tsoho mai tsaron shanu ya tare ni ya nuna mini kara, wato kasuwar shanu. Haruna yana can a zaune a kan itace, a tsakiyar shanun da aka sauke da safe. Ya ji an ce shanu sun iso daga arewa, ya zo ya ga ko ubansa na ciki. Da ya gan ni ba mayafi, ƙafata na jini, sai ya fashe da kuka irin na ƙaramin yaro, ya ce ba abin da nake zato ba ne, ya rantse. Na zauna a cikin kashin shanu na rungume shi. Malamar ta tsaya a kanmu tana kuka tana yi masa faɗa da Yarbanci.

Daga nan abin ya fara sassautawa, a hankali ƙwarai. Ya fara cin rabin kwano. Wata rana na ji yana kwaikwayon muryar hedimasta a ɗaki shi kaɗai. Amma kada ku ɗauka warkewa ya yi. Bai taɓa warkewa sarai ba. Ya gama makarantar, ya yi aikin akawu, ya haife ku, kuma ku da kanku kun san lokutan da yakan rufe ɗaki ya yi makonni ba ya son magana, ana ce muku zazzaɓi ne. Ba zazzaɓi ba ne, wannan abin ne yake dawowa. Yanzu likitoci sun ba shi suna, suna ba da magani. Mu a lokacin ba mu da suna, ba mu da magani, sai tsaro da haƙuri.

Kakanku ya dawo bayan damina ta ɗauke. Tun a Ojoo, a bakin gari, aka tare shi da labari, kafin ya iso gida an gama cika shi. Ya zauna da wansa a zaure, sannan ya shigo. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da ƙurar tafiya a jikinsa ya ce:

"Da izinin wa kika fita?"

"Ba da izinin kowa ba, Malam. Ka zauna in gaya maka dalili."

"Na sake ki saki ɗaya. Ki yi iddarki a ɗakinki. In kika ƙara taka zauren nan, sauran biyun za su biyo."

Ya fita. Mutum ne mai zafi amma ba mugu ba, kuma an gaya masa a gaban abokan fataucinsa cewa an ga matarsa tana gudu a Sango kai ba ɗankwali. Maganar mari kuwa ya ce zai duba yaron da kansa tukuna. Kwanaki suka wuce Haruna bai je makaranta ba, ya koma kallon bango, kwano ya koma dawowa a cike. Na ga duk abin da muka tara yana zubewa. Malamar ta zo ƙofar gida aka hana ta shiga.

Wata safiya kakanku ya ce shi zai kai shi, ya ga abin da ake ta faɗa. Ya shigo da bulalarsa ta kora shanu a hannu, ya ce yaron ya sa kaya. Haruna ya sa riga, ya taka zuwa tsakar gida, sai abin ya kama shi. Ya zube a kan gwiwoyinsa, numfashinsa na sarƙewa, gumi na tsiyaya, haƙoransa na haɗuwa. Uban ya daka masa tsawa ya ɗaga bulalar. Yaron ko ganinta bai yi ba, idonsa ya kafe a ƙasa, yana cewa, "Baba yi haƙuri, Baba ina ƙoƙari." Hannun kakanku ya tsaya a sama. Ina daga cikin ɗaki, a bayan labule. Na san in na yi shiru yau shi ke nan. Na ce:

"Malam, ka ƙarasa sakin in ka ga dama, amma ka ji wannan. Ranakun da ba ya isa makaranta, bakin layin dogo yake zuwa ya zauna. Can inda kake sauke shanunka. Malamarsu ce ya gaya wa, ita ta gaya mini. Shi ya sa nake riƙe hannunsa."

Kakanku ya fi kowa sanin wurin, ya san abin da jirgi ke yi wa saniyar da ta kuɓuce ta hau layi. Ya sauke hannunsa. Ya tsuguna a gaban yaron, ya daɗe yana kallonsa, ya ce, "Haka ne?" Haruna ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin fuskar mutumin nan haka ba, ko ranar da uwarsa ta rasu. Ya ajiye bulalar a ƙasa. Ya sa gefen rawaninsa ya share wa yaron gumi, ya zauna tare da shi a ƙasa har numfashin ya daidaita. Sannan ya yi magana ba tare da ya juyo ba.

"Dije, fito ki raka shi."

"A matsayin wa zan fita, Malam?"

"Na mayar da ke. Allah ya shaida, yaron nan ya shaida. Fito."

Muka bi ta zaure mu uku. Alhaji Babba yana zaune a kan buzunsa, ya kira sunan ƙaninsa, ƙanin ya gaishe shi ya wuce. Ni da Haruna muna gaba, kakanku yana baya da 'yar tazara, yana amsa gaisuwar mutane da ƙarfi, yana kallon idon duk wanda ya kalle ni. Da muka isa ƙofar makaranta ya tsaya, ya ce shi ba zai shiga ba. Na damƙa yaron a hannun Malamar, na fito, na ce wa kakanku mu koma. Ya ce in tafi, tukunyata na jira.

Da rana ta take na dawo ɗaukar yaron. Kakanku yana gindin mangwaro a tsugune, ko karyawa bai yi ba, shanunsa suna can Sango ba mai ciniki. Ya zaɓi wurin da ake hango ƙofar ajin, carbi a hannunsa, idonsa bai bar ƙofar ba har aka kaɗa ƙararrawa ɗansa ya fito.